Tallafin Da Bai Isa Murhu Ba

Shugaban reshe, iyayenmu malamai, abokan aiki.

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka janye tallafin man fetur, komai ya yi tsada, har itacen girki. A Afrilun 2024 hukumar NERC ta ƙara kuɗin lantarki ga 'yan rukunin Band A, ta bar rangwame ga sauran rukunai. To amma rangwamen nan ta waya yake bi. Gidan da ba a ja masa wuta ba, ina rabonsa? A ƙauyukan Minjibir, kara da itace ne makamashinmu.

A ajina akwai yarinyar da kullum sai ta makara saboda neman kara, da yaron da ba ya aikin gida don batirin tocilarsu ya mutu.

Tallafin naira 25,000 a wata, na wata uku, da Gwamnatin Tarayya ta sanar a 2023, sai mai suna a rajistar marasa galihu da lambar NIN yake samu. Mu ne masu alƙalami a garuruwan nan. Mu taimaki iyayen ɗalibanmu su mallaki lambar, reshe kuma ya rubuta wa ƙaramar hukuma yana neman a bayyana yadda ake shiga rajistar.

Allah ya yi mana jagora.