A Kai Yara Su Ga Gida

Iyayena da 'yan'uwana Kanawan Jekadafari, Allah ya bar zumunci.

Bana na kai autana Kano. Yaro haifaffen nan Gombe, wallahi ko Dala bai sani ba! Muka hau dutsen, muka gangaro Kurmi, kasuwar da Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa, muka ci bandashe a Jakara. A karofin Ƙofar Mata, wanda yake tun 1498, marina sun yi ƙaranci. Badala kuwa, wani wurin sai dai a ce maka nan take da.

Mutanen Japan fa har gobe suna kai 'yan makaranta Kyoto, tsohon birnin sarautarsu. To mu fa? Ina roƙon ƙungiya mu haɗa kuɗin mota a kai yaranmu bayan Babbar Sallah. Ni na ɗauki kujera biyar.