Ƙidayar Ɓarna Bayan Ruwan Bama-bamai: Darasi Daga Yaƙin Tekun Fasha

 Ya ku 'yan'uwa masu sauraro, abin da za mu tattauna a zaman yau shi ne wata tambaya da takan taso duk lokacin da wata ƙasa ta kai wa wata hari ta sama. Da zarar jirage sun koma gida, sai kakakin soja ya fito ya ce an ragargaza sansanonin makamai masu linzami na abokan gaba. Ɗaya ɓangaren kuma ya ce ko ƙwarzane bai samu ba. To, ta yaya ake gane gaskiya, kuma yaushe ake gane ta?

Bari mu ɗauki misalin da da yawa daga cikinmu suka bi ta akwatin rediyo, watau Yaƙin Tekun Fasha, wanda sojojin taron dangi ƙarƙashin Amurka suka soma ranar 17 ga Janairu, 1991. Iraƙi na da makami mai linzami samfurin Scud da ta sayo daga Tarayyar Sobiyet, ta yi masa kwaskwarima ta sa masa suna Al-Husaini, yana cin zangon kilomita 600 ko sama da haka. A cikin makonni shida ta harba kimanin 88, kusan rabi a kan Isra'ila, sauran a kan Saudiyya da maƙwabtanta.

Tun a daren farko jiragen taron dangi suka far wa wuraren harbawa na dindindin da aka gina a yammacin Iraƙi. Aka yi ta murna. Alhali kuwa Iraƙi ba ta yi amfani da waɗannan wurare ba ko sau ɗaya. Manyan motoci ne ke ɗauke da makaman, suna ɓuya a ƙarƙashin gadoji da cikin kwazazzabai da rana, su fito da dare su harba, su bar wurin cikin 'yan mintoci. An kai hare-hare wajen 1,500 domin wannan farauta. Matuƙa jirage suka ba da rahoton lalata motocin harbawa kusan 80, adadin da ya zarce abin da Iraƙi ta mallaka baki ɗaya. A ƙarshen Janairu Janar Norman Schwarzkopf ya nuna wa 'yan jarida hoton bidiyo na wasu motoci suna cin wuta, ya ce na Scud ne. Daga baya masu nazarin hotuna a cikin hukumomin leƙen asirin Amurka kanta suka ce alamu sun fi nuna tankokin mai ne.

Sai a shekarar 1993 binciken da rundunar sojan saman Amurka ta sa aka yi, ƙarƙashin jagorancin Eliot Cohen, ya fito da sakamako. Binciken bai sami tabbatacciyar hujja ba cewa jirgin sama ya lalata ko da motar harbawa ɗaya ta gaske. Sau 42 matuƙa suka hango tashin makamin da idonsu, amma sau 8 kaɗai suka iya gano inda motar take har su saki bam. Mafi yawan abin da aka ƙona gumakan motoci ne da aka ƙera don yaudara, da kuma tankokin mai. Nan ne, 'yan'uwa, ya kamata mu dakata. A cikin waɗannan tankoki akwai direbobin ƙasar Jodan da ke jigilar mai a kan hanyar Bagadaza zuwa Amman, suka rasa rayukansu, sannan aka lissafa su cikin nasarorin yaƙi. Kuma ranar 25 ga Fabrairu, saura kwana uku a tsagaita wuta, Scud ya faɗa kan masaukin sojojin Amurka a Dahran, ya kashe 28.

Wannan ba sabon abu ba ne. A yaƙin duniya na biyu, jiragen Ingila sun yi luguden wuta a kan cibiyar Peenemünde ta Jamus a watan Agustan 1943, aka kuma rushe manyan gine-ginen kankare da Jamusawa suka yi a arewacin Faransa domin harba makamin V-2. Sai Jamus ta mayar da masana'antar cikin dutse kusa da Nordhausen, ta koma harbawa daga motoci. Daga Satumbar 1944 zuwa Maris na 1945 ta harba fiye da 3,000, akasari a kan Landan da Antwerp.

Saboda haka masana harkar soja suka raba auna ɓarna gida uku. Na farko, me ya rushe a zahiri? Wannan shi ne abin da hoton tauraron ɗan'adam ke nunawa: rufin da ya rufta, ramin da bam ya haƙa, ƙasar da ta ƙone. Na biyu, shin wurin ya daina aiki, kuma har zuwa yaushe? Ana iya toshe bakin ramin dutse da bam, makaman da ke ciki suna nan lafiya, katafila ta zo ta kwashe ɓaraguzan cikin kwanaki. Na uku, shin ƙasar ta rasa ikon harbawa da na ƙera sababbi? Wannan ne mafi muhimmanci, kuma shi ne mafi wuyar sani, domin ya shafi masana'antar man makamin, da ƙwararrun ma'aikata, da hanyoyin sayo kayan gyara. Kakakin soja yakan ɗauki amsar tambaya ta farko ya ba mutane a matsayin amsar ta uku.

Mun sake ganin haka a yaƙin kwana 12 tsakanin Isra'ila da Iran a watan Yunin 2025. Iran ta daɗe tana ajiye makamanta cikin ramuka a ƙarƙashin duwatsu. Hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna ɓarna a gine-gine da ƙofofin ramuka a sansanoni irin na Karmanshah da Tabriz, kuma yawan makaman da Iran ke harbawa a kullum ya ragu ƙwarai bayan kwanakin farko. Wannan gaskiya ne, kada son rai ya sa mu musanta shi. Haka nan kuma gaskiya ne cewa har safiyar 24 ga Yuni, ranar tsagaita wuta, makamin Iran ya sauka a birnin Biyarsheba. Hoto daga sama ba ya leƙa cikin dutse, kuma raguwar harbi na iya zama saboda ɓarna, ko saboda tattali, ko duka biyun.

A Iraƙi ma ba a san cikakken lissafi ba sai da masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya suka shiga ƙasar bisa ƙuduri mai lamba 687 na Afrilun 1991. Shekara shida suka yi suna tona ramuka, suna duba lambobin injina, kafin a 1997 su tabbatar da makomar 817 daga cikin makamai 819 da Iraƙi ta sayo.

To, ya 'yan'uwa, me ya rage gare mu? Idan labarin irin wannan hari ya iso mana, mu tambaya: wa ya ƙidaya, da me ya ƙidaya, kuma wa ya tabbatar ban da wanda ya kai harin da wanda aka kai wa? Mu lura da abin da ɓangarorin suka aikata washegari, domin ya fi abin da suka faɗa nauyi. Kada mu yi gaggawar yaɗa adadi don kawai ya yi mana daɗi. Shugabanni kan gina shawarar ci gaba da yaƙi a kan irin waɗannan alƙaluma, kuma idan lissafin ya karkace, talakawa ne ke biya da jininsu, kamar yadda direbobin nan na hanyar Amman suka biya. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma a wannan fage ko ganin ma sai an bincika.

Nan za mu dakata.