Maganin Firgici Ta Hanyar Juya Idanu



Akan sami direban da ya tsira daga haɗarin mota, karaya ta ɗoru, rauni ya warke, amma bayan shekara uku da zarar ya ji ƙarar birki sai jikinsa ya ɗauki rawa, da dare kuwa ba abin da yake gani sai wannan rana. Abokan zama su ce tsoro ne, waɗansu su ce iska ce. Alhali kuwa ciwo ne sananne ga likitoci, watau firgicin da ya ƙi zama labarin jiya.

Cikin shekarar 1987 wata Ba'amurkiya mai suna Francine Shapiro tana yawon shan iska a wani lambu, zuciyarta cike da damuwa, sai ta lura idan idanunta suka yi ta kai da komowa da sauri, nauyin tunanin yakan ragu. Ta jarraba a kan waɗansu, har a 1989 ta buga sakamakon gwajin mutum 22, cikinsu har da tsofaffin sojojin yaƙin Biyetnam da waɗanda aka yi wa fyaɗe. Wannan hanya ita ake kira EMDR a taƙaice.

Ga yadda ake yi. Bayan likita ya ji tarihin majiyyaci, ya koya masa dabarun kwantar da hankali, sai ya ce ya kawo hoton abin da ya fi ɗaga masa hankali a zuci, ya auna zafinsa daga 0 zuwa 10. Sa'an nan likita ya riƙa kaɗa yatsu biyu dama da hagu, shi kuwa yana bi da ido, kamar na rabin minti. A dakata, a numfasa, a tambaye shi abin da ya taso, a sake. Haka za a yi ta yi, zama bayan zama, har awon ya sauka. Ba mantawa zai yi ba, zai tuna sarai, sai dai jiki ya daina rawa.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne, ba a tilasta wa majiyyaci ya zayyana abin da ya same shi dalla-dalla. Ga wanda kunya ta rufe wa baki shekara da shekaru, balle macen da aka ci wa mutunci, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Masana dai har yanzu suna gardama a kan amfanin juya idon kansa. Waɗansu sun ce bin yatsa yana raba hankali biyu, hoton ya dushe. Waɗansu sun ce fuskantar abin a gaban likita shi ne maganin. Duk da haka a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan hanya cikin waɗanda ta amince da su, ga manya da yara.

Sai dai kada wani ya koma masauki ya kama kaɗa wa ɗan'uwansa yatsa, gama tono irin wannan tunani ba tare da shiri ba yana iya tsananta ciwon. Mai bukata ya je asibitin ƙwaƙwalwa, ya tambaya ko akwai wanda aka horar a kan wannan aiki.