Gwajin Jini da Tsananin Egzima a Jikin Yara



Egzimar da zan yi magana a kai ita ce kumburin fata mai ƙaiƙayi da ke kama yara tun suna goye, ta lafa ta dawo, kuma sau da yawa tana tafe tare da asma. Likita kan auna tsananinta da ido da hannu, bisa ma'aunin SCORAD na 1993 ko EASI na 2001. Duka biyun suna ba da maki ga jan da fata ta yi, kuma a nan gizo ke saƙa. Fatar yaranmu ba ta cika yin ja ba, sai dai ta ƙara duhu ko ta yi toka-toka. A 2002 Ben-Gashir da Hay sun nuna a Landan cewa dogaro da jan fata yana ɓoye tsananin cutar a jikin yara baƙaƙe. Da suka cire tasirinsa a lissafi, haɗarin egzima mai tsanani a wurinsu ya kusa ninka na fararen yara sau shida. Ke nan mun fi kowa buƙatar ma'aunin da launin fata ba ya ruɗinsa.

A cikin gwaje-gwajen jini, mafi daɗewa shi ne IgE, wanda yake sama a jinin yawancin masu cutar. Amma yana da nawa: fata ta warke, shi yana nan sama har watanni. Ƙwayoyin jini da ake kira iyosinofil sun fi shi saurin motsi, ga araha, tunda suna cikin gwajin jini na yau da kullum. Matsalar ita ce tsutsar ciki da tsargiya suna ɗaga su biyun. Yaron da ke wanka a kududdufi zai iya kawo sakamako mai tayar da hankali alhali fatarsa lafiya lau. Na ga an ƙara wa yaro man sitiroyid mai ƙarfi saboda irin wannan takarda, abin da yake buƙata kuwa maganin tsutsa ne.

Wanda ya fi ƙarfin hujja a yau shi ne TARC, ana kuma kiransa CCL17, sinadarin da ke janyo ƙwayoyin garkuwar jiki zuwa fata. Yana hawa idan cutar ta tashi, yana sauka idan magani ya kama. A 2015 Thijs da abokan aikinsa a Utrecht ta ƙasar Holan sun tattara binciken da aka yi a baya, suka samu shi ne ya fi tafiya daidai da tsananin cutar. Japan ta sa shi cikin inshorar lafiya tun 2008. Amfaninsa babba shi ne yana tona kumburin da ya rage a ƙarƙashin fatar da ido ke gani kamar ta warke, lokacin da iyaye ke son ajiye magani.

Sai dai shekaru suna canza shi ƙwarai. Iyakar da Japan ke aiki da ita, a pikogiram cikin kowace mililita, ita ce 1,367 ga ɗan wata 6 zuwa 12, sai 998 ga ɗan shekara 1 zuwa 2, sai 743 daga shekara 2, manya kuwa 450. Wanda ya karanta jinin jariri da ma'aunin babba zai ga cuta inda babu. Saboda haka aka juya ga wani gwajin jini mai suna SCCA2, wanda shekaru ba sa jujjuya shi haka.

Duk waɗannan alƙaluma daga jinin mutanen Japan aka samo su, kuma ban yarda mu ɗauke su yadda suke ba. Kafin mu samu namu, a riƙa shafa fatar a ji kaurinta, a tambayi uwa, "Maman yaro, dare nawa ya hana ku barci da susa?" SCORAD ya ware wa ƙaiƙayi da rashin barci maki 20 cikin 103, EASI kuwa bai kula su ba.

Roƙona ga asibitocin koyarwa na Kano, Zariya, Sakkwato da Yamai shi ne su haɗa hannu su auna TARC a jinin yara masu lafiya da masu egzima, rukuni-rukuni bisa shekaru, kuma a gwada bayan gida da fitsarin kowane yaro a rana guda, domin mu san rabon fata da rabon tsutsa a cikin sakamakon.