Gani Ya Kori Ji? Abin da Muka Tarar Cikin Tabarau na Kwamfuta

Jawabin da aka gabatar a taron malaman reshenmu a Hunkuyi

 

An nemi mu yi bayani a kan wata na'ura da ake ɗaurawa a kai, ta rufe idanu biyu, mutum ya ga kansa tsaye a wurin da bai taɓa zuwa ba. Masu sayar da ita VR suke ce mata, mu kuwa tabarau na kwamfuta muka sa mata suna. Mu biyar ne daga makarantu uku muka gwada ta na mako biyu a lokacin hutu. Ɗan wani abokin aikinmu da ke karatun kwamfuta a Zariya ne ya ara mana irin wadda ake kira Meta Quest 2. Dalilin kawo maganar gaban ƙungiya kuwa shi ne, ko ba daɗe ko ba jima masu tallar kayan nan za su iso makarantunmu, kuma bai kamata ranar ta riske mu ba mu da abin cewa ba.

Kafin na'urar, bari mu fara da idon da Allah ya ba mu. Kowa ya miƙe hannu, ya ɗaga babban yatsa, ya rufe idon hagu, sannan ya buɗe shi ya rufe na dama. Kun ga yatsan ya yi tsalle? Dalili shi ne tsakanin ƙwayoyin idon baligi akwai tazarar kimanin milimita 63, saboda haka kowane ido hotonsa daban. Ƙwaƙwalwa ce ke haɗa hotunan biyu, kuma daga ɗan bambancin da ke tsakaninsu take gane abin da ke kusa da abin da ke nesa. Shi ya sa idanun kyanwa da mujiya, masu farauta, suke a gaban fuska don auna nisa, na akuya da zomo kuwa suke a gefe don hango maƙiyi ta kowace kusurwa.

Wannan ilimi tsoho ne. Hasan Ibnul Haisam, haifaffen Basra, ya tattauna gani da ido biyu a littafinsa Kitabul Manazir kimanin shekara dubu da suka wuce. A 1838 wani masani ɗan Ingila, Charles Wheatstone, ya nuna cewa in aka ba kowane ido zanensa daban ta hanyar madubai, mutum zai ga abu mai tudu da kwari alhali takarda ce a shimfiɗe. A 1968 Ivan Sutherland a Amurka ya haɗa dabarar da kwamfuta, sai dai na'urarsa daga rufin ɗaki aka rataye ta. A 1995 kamfanin Nintendo ya fito da Virtual Boy, bai cika shekara guda a kasuwa ba aka daina ƙera shi. Abin bai farfaɗo ba sai 2012 da wani matashi, Palmer Luckey, ya fito da Oculus Rift, wanda Facebook ya saya a 2014 kan dala biliyan 2. Kuma waɗanda suka manyanta a cikinmu sun tuna 'yar kyamarar roba da alhazai ke kawowa tsaraba, a kanga ido a ga Ka'aba, a danna a ga Madina. To, wannan jikanyarta ce.

Nauyin wadda muka gwada giram 503 ne, wato kamar a ɗaure wa mutum ledar fiya-wata guda a goshi. A ciki akwai allo da aka raba wa kowane ido rabonsa, da gilasai biyu masu kauri a gabansa. A waje akwai ƙananan kyamarori huɗu da ke lura da motsin kai, sai gajerun sanduna biyu masu maɓallai da ake riƙewa a hannu. Tana aiki ita kaɗai, ana kuma iya jona ta da kwamfuta ta waya idan kwamfutar mai ƙarfi ce.

Gaskiya ɗaya ce, abin yana da ban mamaki. Mun shiga tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, wadda ke kewaya duniya a nisan kilomita 400 ko kusa da haka, muka leƙa ta taga muka ga duniya a dunƙule ƙarƙashinmu. Shekaru muna zana da'ira a allo muna gaya wa yara haka duniya take, ranar nan muka ga gefenta a lanƙwashe. An nuna mana zuciyar ɗan Adam, girmanta ya kai rumbu, muka zagaya ta, muka sa kai ciki muka ga ƙofofinta na buɗewa suna rufewa. Wani shugaban makaranta da ke tare da mu, dattijo mai natsuwa, aka nuna masa bakin wani rami mai zurfi, aka ce ya taka. Ya san sarai a kan tabarma yake, yana jin muryoyinmu, amma ƙafarsa ta ƙi ɗaguwa. Abin da muka koya daga nan shi ne jiki yakan gaskata ido ko da hankali ya ƙaryata shi. In haka ta faru ga mai furfura, ina ga ɗan aji uku?

Wata rana muka je Zariya aka jona ta da babbar kwamfuta mai intanet, muka buɗe Google Earth. Mun yi shawagi a kan Landan da Faris, gine-gine a tsaye kamar a taɓa. Da muka nemo Hunkuyi sai muka tarar da ita a shimfiɗe kamar tabarma, hoto ne kawai daga sama. Duk bayanin da muka saurara a na'urar kuwa da Turanci ne, babu ko kalma ɗaya ta Hausa. Wannan ya tsaya mana a rai. Yaron da za a nuna wa ƙasashen wasu da tudu da kwari, a nuna masa garinsu a baje, wane darasi ya ɗauka game da darajar garinsu?

Sai kuma abin da masu talla ba su cika faɗa ba. Na farko jiri. Biyu daga cikinmu ba su kai minti goma ba sai da suka cire, ɗaya har tashin zuciya. Dalili kuwa, a cikin kunne akwai wani ruwa da ke gaya wa ƙwaƙwalwa ko jiki na motsi. Ido ya ce ana gudu, kunne ya ce ana zaune, sai ciki ya rikice, kamar mai karatu cikin motar haya a hanya mai gargada.

Na biyu gajiyar ido. A duniyar gaske, in abu ya matso, idanu biyu sukan karkato ciki, kowannensu kuma ya gyara ganinsa zuwa kusa. A tabarau idanu na karkatowa, amma nisan da ido ke gyara ganinsa a kai ba ya canzawa. Wannan saɓani ke kawo nauyin ido da ciwon kai. Ƙari a kan haka, gilasanta matsayi uku kawai suke da shi: milimita 58, 63 da 68. An auna su ne da fuskar manya, kuma ƙananan ɗalibanmu da yawa tazarar idonsu ba ta kai ko na farkon ba. Shi kansa kamfanin Meta shekara 13 ya fara sanyawa a matsayin mafi ƙarancin shekaru, a 2023 ya sauko zuwa 10 bisa sharaɗin kulawar iyaye. Ke nan yawancin 'yan aji ɗaya zuwa huɗu ba da su aka yi ta ba.

Na uku tsabta. Soson da ke manne da fuska gumi yake sha. Duk mun san yadda ciwon idon nan afolo ke bin aji benci-benci. A yi tunanin soso ɗaya ya bi fuska tamanin. Na huɗu yanayinmu. In rana ta haska gilasan kai tsaye, sukan tara haskenta su ƙona allon ciki, kamar yadda yara ke ƙona takarda da gilashin ƙara girma. Ƙurar hunturu kuma, in aka share ta da gefen riga, karce gilashin take yi.

Yanzu mu yi lissafi, tunda aikinmu ne. Aji mai yara 80, a ba kowa minti 3 kacal, ya zama minti 240, awa huɗu cur, alhali darasinmu bai fi minti 35 ko 40 ba, batirin kuma tsakanin awa biyu da uku yake mutuwa. Wa zai kula da sauran 79 lokacin da malami ke riƙe da kafaɗar ɗaya kada ya yi karo da bango? A ina za a yi caji? Farashinta da ta fito a 2020 dala 299 ne. In aka ƙaddara dala a naira 1,500, ya kama naira 448,500, fiye da wata shida na mafi ƙarancin albashin naira 72,000 da jiharmu ta sanar a 2024. Kowane shugaban makaranta a nan ya san benci nawa ko kwano nawa wannan kuɗi zai saya.

Akwai kuma darasin tarihi. A 2007 an raba wa 'yan firamaren Galadima da ke Abuja ƙananan kwamfutoci a shirin nan na kowane yaro da kwamfutarsa, duniya ta yi ta labari, amma shirin bai kai ga ajujuwanmu ba. Kamfanin Google ya fito da tabarau na kwali a 2014, wanda ake zura wa wayar hannu, a 2015 ya ƙara da manhajar Expeditions don yawon buɗe ido na 'yan makaranta. Makarantu a ƙasashe da dama suka sayi kaya saboda ita, a 2021 kamfanin ya rufe ta. Ita ma Quest 2 an daina sayar da ita a 2024. Allo da alli ba su taɓa yi mana haka ba.

Duk da wannan, kada a fahimce mu da cewa a guje ta. 'Yan ƙasarmu sun riga sun shiga fagen. A Legas, Judith Okonkwo ta kafa cibiyar Imisi 3D a 2016 don horar da masu ƙirƙira a wannan fanni. A 2019 Joel Kachi Benson ya ci kyauta a bikin fina-finai na Benis da ke Italiya da fim ɗinsa na tabarau a kan iyayen 'yan matan Chibok. A ƙarshen 2021 hukumar kula da Masallatai Biyu Masu Alfarma ta ƙaddamar da shirin kallon Hajarul Aswad ta wannan hanya, malamai kuma suka bayyana cewa kallo ba ya zama aikin Hajji. Hukuncin nan ya dace da aikinmu, domin hangen Dala ba shiga birni ba ne. Yaron da ya ga zuciya a tabarau ya gani, amma bai sani ba sai an tambaye shi, ya amsa, ya yi kuskure, an gyara masa. Wannan kuwa aikin malami ne.

Mu kuma malaman jihar nan ba ma buƙatar a tuna mana 2017, shekarar da jarrabawar gwaji ta raba malaman firamare 21,780 da aikinsu. Abin da bai shafe mu yau ba, gobe yana iya zama ma'aunin da za a auna mu da shi. Gara mu san na'urar nan da hannunmu tun ba a tambaye mu ba.

Saboda haka muna gabatar wa reshe shawarwari biyar. Na ɗaya, duk lokacin da aka zo da maganar sayen irin kayan nan, ƙungiya ta nemi a sa malaman aji a zaman, kuma a amsa tambayoyi huɗu a rubuce: wa zai gyara, ina wuta, da wane harshe, kuma shekara nawa manhajar za ta yi tana aiki. Na biyu, kada a ɗaura wa yaron da bai kai shekara 10 ba, wanda ya kai kuma sai da iznin iyayensa, a zaune, na 'yan mintoci, a goge soson bayan kowane yaro, a cire da zarar ya ce jiri. Na uku, in za a saya, a fara da guda ɗaya ko biyu a cibiyar horar da malamai, domin malamin da ya ga zuciya sau ɗaya zai bayyana ta ga ɗaruruwan yara har ya yi ritaya. Na huɗu, mu nemi haɗin kai da ɗaliban kwamfuta na manyan makarantun Zariya, a ɗauko mana namu: gonar rake da yadda ake dafa mazarƙwaila a Makarfi da Kudan, lambun tumatir na Ikara, dutsen Kufena da ganuwar Zazzau, bayani kuma da Hausa.

Na biyar ba ya buƙatar ko kwabo, kuma ana iya farawa ranar Litinin. A koya wa yara tsallen yatsa. A ba yaro fensir biyu, ya miƙe hannuwa, ya haɗa tsininsu da ido biyu, sannan ya gwada da ido ɗaya. A naɗe takarda kamar bututu, ya leƙa da idon dama, ya kanga tafin hagu a gefenta, zai ga rami a tsakiyar hannunsa. Duk ilimin da ke cikin na'urar dala 299 daga nan ya faro. Akwai ma wata riba: yaron da kullum yake kasa haɗa fensiran ko da ido biyu, ko mai harara-garke, ko mai karkatar da kai in zai dubi allo, a sanar da iyayensa su kai shi a duba, ko a asibitin koyarwa na Shika ko a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna. Raunin ido ɗaya ya fi jin magani tun yaro na ƙarami, kuma sau da yawa malami ne ke fara lura kafin uwa da uba.

Mai girma shugaba, muna roƙon a sa waɗannan shawarwari cikin ajandar zama na gaba, a kuma naɗa mutum uku su tsara su a rubuce.  Allah ya ƙara wa ɗalibanmu basira, ya sa albarka a aikinmu, ya mai da kowa gidansa lafiya.