Motar Alfarma a Kan Hanyar Manoma

Laccar da aka gabatar a gaban taron manoma, 'yan kasuwa, direbobi da ɗalibai a garin Funtua

    

A wannan yanki namu, kaka ita ce lokacin sayen mota. Idan masara ta shiga buhu, aka kai waken suya kasuwar Dandume, aka auna auduga, tumatirin Danja ya yi kuɗi, sai ka ji wane ya aika Kaduna ko Kano a dubo masa mota. Mutumin da ya shekara goma a kan babur, rana da ruwa duk a kansa, yau yana son ya zauna cikin sanyi ya kai iyalinsa ziyara. Babu laifi a wannan. Wanda ya sha rana a gona ya cancanci inuwa. Tambayar da na zo da ita yau ita ce: idan ya zuba gumin shekaru a kan Marsandi ko Lexus, me ya saya? Kuma abin da ya saya, ya dace da hanyar da zai bi?

Daga Fijo zuwa Lexus

Dattawan da ke zaune a nan sun san zamanin da babban mutum ba shi da mota sai Peugeot 504, wadda muke kira Fijo. An fito da ita a Faransa a 1968, kuma daga 1975 masana'antar Peugeot da ke Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motoci a nan ƙasar. A daidai wannan lokaci ne Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtua, wanda Bankin Duniya ya tallafa wa, ya fara aiki, ana fitar da hanyoyin burji zuwa ƙauyuka. Fijo ta dace da waɗannan hanyoyi kamar don su aka ƙera ta. Tana da tudu, ƙafafunta na da laushi suna haɗiye rami, tayoyin baya ne ke tura ta, kuma bakaniken da ke gindin bishiya yana iya kwance injinta ya ɗaure da sifana da filaya. Ba banza ba ta ci gasar tseren Safari ta Gabashin Afirka a 1975. Injinta lita 2 ne, ƙarfinsa bai kai na doki 100 ba. Direbobin wancan zamani, irin waɗanda marigayi Alhaji Mamman Shata, mazaunin garin nan, ya riƙa yi wa waƙa, da kunne suke tuƙi: kukan inji kaɗai ya isa ya gaya musu sun yi yawa.

Yau kiɗa ya canja. Matsakaiciyar motar alfarma, wato wadda ta fi ƙananan motocin haya girma amma ba ta kai manyan motocin gwamnoni ba, ita ce burin mai hali. Bari in ɗauki guda ɗaya da kowa ke gani a titunanmu mu yi nazari a kanta: Lexus ES 350, ƙirar 2007 zuwa 2012.

Abin da ke ƙarƙashin bonet

Lexus suna ne da kamfanin Toyota ya ƙirƙiro a 1989 don motocinsa na alfarma. ES 350 ƙashin bayanta ɗaya ne da na Toyota Camry, shi ya sa kayan gyaranta ba sa wuyar samu kamar na motocin Jamus. Injinta silinda 6 ne, lita 3.5, ƙarfin doki wajen 270, kusan ninki uku na Fijo. Giyarta mai canja kanta ce, hawa shida. Tayoyin gaba ne ke jan ta. Tsawonta ya kusa mita 5, nauyinta ya haura tan ɗaya da rabi. Daga tsaye, cikin daƙiƙa bakwai ko makamancin haka ta kai gudun kilomita 100 a awa. Kishiyoyinta na Jamus, irin su Mercedes-Benz E-Class da BMW 5 Series, galibi tayoyin baya ke tura su, sun fi ta riƙe kwana, amma sun fi ta son kulawa, ba sa yafe gurɓataccen mai ko baƙin mai na jabu.

Akwai abin da takardar talla ba za ta gaya maka ba. An ƙera waɗannan motoci ne don shimfiɗaɗɗen titin Amurka da Turai. Cikinsu kusa yake da ƙasa. Tayoyinsu faffaɗa ne masu gajeren gefe, rami ɗaya mai kaifi ya isa ya fasa taya ya lanƙwasa wili. Idan damina ta yi nisa, ka bar kwalta ka nufi gona ta wajen Kafur ko Bakori, tukunyar baƙin mai ce za ta fara gaisawa da dutse. In kuwa ka kutsa cikin ruwan da ya kai bakin shaƙar iska, inji ya zuƙi ruwa, to ka yi ban kwana da shi. Wanda rabin tafiyarsa a kan burji take, a-kori-kura ta fi masa amfani. Kowane allazi da nasa amanu.

Kayan da ke tsare rai

Inda motar zamani ta yi wa Fijo fintinkau shi ne wajen kare ran mutum, kuma a nan ne kuɗinka ya fi zama halal a kanta. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, bodi. Da yawa daga cikinmu idan suka ga motar zamani ta yamutse a haɗari sai su ce kwali ce, ta da ita ce ƙarfe. Wannan kuskure ne. Wani injiniyan Mercedes mai suna Béla Barényi ne ya kawo dabarar a bar gaba da bayan mota su murƙushe su shanye ƙarfin karo, ɗakin da mutane ke zaune kuma ya tsaya daram. Mercedes ta fitar da mota mai irin wannan jiki a 1959. Motar da ba ta lanƙwasa ba, jikin fasinja ne zai lanƙwasa a madadinta.

Na biyu, bel. A 1959 ɗin nan ne Nils Bohlin na kamfanin Volvo a ƙasar Suwidin ya fito da bel mai riƙe ƙirji da ƙugu tare, kamfanin kuma ya bar kowa ya kwaikwaya kyauta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaura shi na rage haɗarin mutuwa da kusan rabi. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta ɗaura shi a 2003. Amma mu faɗi gaskiya: da yawanmu ba ma jawo shi sai mun hango jami'ai, wasu ma ta bayan kujera suke maƙala shi don ƙararrawa ta yi shiru. Karo a gudun kilomita 50 kacal daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10, wato kamar daga saman bene mai hawa uku. Uwar da ta rungumi jariri a kujerar gaba, duk ƙarfin sonta, hannunta ba zai riƙe shi ba. Wurin yara baya ne, a ɗaure.

Na uku, jakar iska. Wannan Lexus tana da su a sitiyari, a gaban fasinja, a gefen kujeru, a saman tagogi, har da wajen gwiwa. Kafin ƙiftawar ido take kumbura. An yi ta ne ta tari mutumin da bel ya riga ya riƙe. Wanda bai ɗaura ba, jakar da ya kamata ta cece shi tana iya zama abin da zai ji masa ciwo.

Na huɗu, birki mai hana taya cijewa, wanda ake kira ABS. Mercedes da kamfanin Bosch suka kawo shi kasuwa a 1978. Idan ka taka birki da ƙarfi ka ji yana kakkarwa a ƙarƙashin ƙafarka, kada ka ɗaga, aikinsa yake yi. Ka danne, ka juya sitiyari ka kauce. Sai dai a sani, a kan tsakuwa da yashi yakan ƙara tazarar tsayawa. Na biyar kuma na'urar da ke hana mota sulɓewa a kwana, wadda ta fito a 1995. Ita da kanta take taka wa taya ɗaya birki ta miƙar da motar.

Shirun da ke ruɗi

Yanzu na zo kan zuciyar maganata. Wata rana da yamma na biyo wani aminina daga Malumfashi zuwa Funtua cikin irin wannan mota. Gilashi a rufe, sanyi na busawa, karatu na tashi a hankali, muna hirar farashin taki. Na kai idona kan allura sai na ga 140. Shi kansa da na nuna masa sai da ya yi salati. Ba ganganci ya yi niyya ba. Motar ce ta ɓoye masa gudun.

Wannan shi ne daɗin motar alfarma, kuma shi ne tarkonta. An toshe ta don kada ƙara ta shigo, shokozoba na shanye gargada, sitiyari ba ya rawa. Fijo in ta kai 120 sai ta yi ta kuka tana roƙonka ka sassauta. Wannan kuwa shiru za ta yi maka, kai kana ji kamar a falo kake.

To mu yi lissafi, tunda lissafi ba ya jin kunyar kowa. A gudun 140, kowace daƙiƙa mota na cin mita 39. Tsakanin ka hango abu da ƙafarka ta kai kan birki, aƙalla daƙiƙa ɗaya ta wuce. Motar da ke buƙatar wajen mita 40 ta tsaya daga gudun 100, daga 140 sai ta ci wajen mita 80, domin tazarar birki ba bin gudu take ƙafa da ƙafa ba: in gudu ya ninka biyu, ita huɗu take ninkawa. Ka haɗa, kusan mita 120 ke nan, ya zarce tsawon filin ƙwallo. Me ka samu? A tafiyar kilomita 50, mai gudun 100 zai yi minti 30, mai 140 zai yi minti 21 da 'yan daƙiƙu. Ribar ba ta kai minti tara ba.

Ku tuna kuma da wa muke raba hanyar. Funtua mararraba ce: ta Zariya, ta Gusau da Sakkwato, ta Birnin Gwari, ta Malumfashi zuwa Yashe. Tireloli da tankokin mai ba dare ba rana. Ga amalanken shanu ɗauke da kara, ba fitila ba madubi. Ga ɗan acaɓa da buhu uku. Ga hatsin da aka shanya a gefen kwalta, ga yaron da ke gadinsa. Ga garken shanu na tsallakawa, ga hazon hunturu ya rufe gaba, ga kasuwar ƙauye ta malalo kan titi. Jakunkunan iskar nan duka kai suke karewa. Yaron da ke bakin hanya ba shi da ko ɗaya. Doka ta kayyade wa ƙaramar mota kilomita 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanyoyi, kuma ba a ware wa mai tsada nata adadin ba.

Na san wani zai ce, Malam, rashin tsaro ne ke sa mu gudu. Wannan magana ce mai nauyi, duk wanda ke bin hanyoyin Faskari da Ƙanƙara ya san ta. Amma abin da ke taimakon matafiyi a nan shi ne fita da rana, tambayar labarin hanya, da mota mai lafiya da ba za ta mutu a daji ba. Kada mu guji wani ajali mu rungumi wani.

Kafin ka ƙirga kuɗi

Mafi yawan motocin nan 'yan Kwatano ne ko na gwanjon Amurka, wasunsu sai da suka yi haɗari ko suka nutse a ambaliya aka sayar da su. Saboda haka, Alhaji, kafin ka duba fenti da fatar kujera, duba abu huɗu. Murza makulli: fitilar jakar iska da ta ABS dole su kama na 'yan daƙiƙu sannan su mutu. Wadda ta ƙi mutuwa akwai matsala, wadda ba ta kama ba sam, wataƙila an kashe ta ne don a rufe ido. Sai lambar shasi mai harafi da lamba 17, ka sa yaronka ya bincika tarihin motar da ita a intanet. Da ita kuma za ka gane ko motar na cikin miliyoyin da aka yi wa kiranye saboda jakunkunan iskar kamfanin Takata, waɗanda zafi da laima ke lalata sinadarinsu har su fashe da ɓarɓashin ƙarfe. Na uku taya: lambobi huɗu na ƙarshe a gefenta suna nuna mako da shekarar da aka yi ta, 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tsohuwar taya ko da zanenta bai cinye ba, kwaltar watan Afrilu na iya fasa ta. Na huɗu, nemi bakaniken da ke da na'urar karanta kwamfutar mota, ba mai yanke waya ya ɗaure da leda ba.

Jama'a, mun yi imani ajali na hannun Allah, kuma malamanmu da ke nan sun karantar da mu cewa tawakkali bai kore riƙo da sababi ba. Manomi ba ya ƙin yin shuka ya ce arziki na Allah ne. Bel, taya mai kyau da sassauta ƙafa a kan totur su ne shukar matafiyi. Darajar babban mutum a kan hanya ba tambarin da ke goshin motarsa ba ne. Darajarsa ita ce ya shigo gari a hankali, mai amalanke ya ɗaga masa hannu, ya isa gida ya tarar da 'ya'yansa, 'ya'yan wasu ma su kwana a gaban iyayensu.

Allah ya sa albarka a noman bana, ya tsare mu a hanya, ya dawo mana da zaman lafiya.