Doka Ake Tsayarwa Ko Mutum Ake Tilasta Wa?



Kalmar da muka zo da ita yau 'yar ƙarama ce, watau "enforce", wadda ba a rasa ta cikin takardun ofis. Yawancinmu da mun gan ta sai mu ce "tilasta". To, a nan gizo ke saƙar. A Turanci doka ko yarjejeniya ake yi wa wannan aiki, a Hausa kuwa mutum ake tilasta wa. Ma'anarta dai a tsayar da doka da ƙafafunta, a tabbatar kowa ya bi ta, wanda ya ƙi a hukunta shi.

Ba mu ga laifin wanda kunnensa ya jiyo bulala a ciki ba. Dattawan Tambuwal da Kebbe sun ga zamanin En'e, lokacin da dogari da ɗan doka ke bin haraji da jangali, ana kama yaro a kai shi boko, uwa na kuka.

Amma mu dubi dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004. Ta wajabta wa iyaye su sa 'ya'yansu firamare da ƙaramar sakandare, shekara 9 ke nan, ta kuma ɗora wa gwamnati ba da karatun kyauta. Ma'aikacin da ya tsaya kan "tilasta", mahaifin yaro kaɗai zai kai ƙara gaban uban ƙasa. Wanda ya fahimci kalmar kuwa, kafin ya tuhumi manomi a ƙauyen Kebbe, zai fara leƙa makarantar tukuna. Akwai malami? Akwai rufi? In babu, rahotonsa na farko sakatariyar ƙaramar hukuma zai nufa.